Guguwar ta yi rauni, to me ya kashe mutanen kan tudu?

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci.  Ga hanyar da mahaukaciyar guguwa Helene ta bi a ƙarshen watan Satumba na 2024. Ta taso daga yammacin tekun Karibiyan, ta ratsa Tekun Meziko, ta afka wa gaɓar jihar Filorida ta Amurka kusa da garin Perry a daren 26 ga wata. A lokacin tana mataki na 4 a ma'aunin ƙarfin guguwa mai mataki 1 zuwa 5, iskarta na gudun kusan kilomita 220 a awa guda.

Kafin hantsi washegari, an sauke ta daga jerin mahaukatan guguwa gaba ɗaya. Sanarwa ta ce ta yi rauni, kuma gaskiya ne. Amma jihar da ta fi kowacce rasa rayuka ita ce Karolina ta Arewa, inda sama da mutum 100 suka rasu, akasarinsu a cikin duwatsun yamma, fiye da kilomita 600 daga inda guguwar ta sauka. Yaya guguwar da ta raunana ta yi wannan ta'asa? Amsar tana cikin wata takarda da ke fitowa watanni bayan an kwashe kyamarori, lokacin da hankalin duniya ya koma wani wajen.

Cibiyar da ke sa ido kan guguwar teku a Amurka, wadda aka fi sani da NHC, tana birnin Miyami. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ma'aikatanta suna cikin lokacin guguwa, suna fitar da sanarwa duk bayan awa shida, wani lokaci ma fiye da haka. Aikin gaggawa ne. Abin da ya zo hannu a wannan sa'ar da shi ake yanke hukunci, domin akwai garuruwan da ke jiran a ce musu su tashi ko su zauna.

Idan ƙura ta lafa, sai a ba ɗaya daga cikin masanan, wani lokaci biyu ko uku, aikin bin guguwa guda tun daga haihuwarta har mutuwarta. Su tattaro hotunan tauraron ɗan'adam, da bayanan rada, da abin da jiragen saman da ke kutsawa cikin guguwa suka auna, da rahoton jiragen ruwa, da na'urorin da aka tsinto daga cikin baraguzai bayan an daɗe ana zaton sun lalace. Daga nan su zana hanyar guguwar ta ƙarshe: ina tsakiyarta take a kowace awa shida, nawa ne ƙarfin iskarta, nawa ne matsin iskar da ke cikinta. Waɗannan alƙaluma su ne ke shiga babban kundin tarihin guguwar Atlantika, wanda ya faro tun daga 1851.

Kuma sau da yawa abin da rahoton ya ce yana saɓa wa abin da aka ji a labarai. Ranar 10 ga Oktoba 2018 guguwar Michael ta sauka kusa da Mexico Beach a Filorida, aka ce mataki na 4 ce, gudun kilomita 250. A watan Afrilu na 2019 rahoton ya fito ya ce a'a, kusan 260 ne, mataki na 5 ce. Bambancin ɗan kaɗan ne, gidan da ya rushe ya riga ya rushe. Amma injiniyan da zai tsara ƙa'idar gini a wannan gaɓa, da kamfanin inshora, da mai binciken da ke ƙirga ko manyan guguwa na ƙaruwa, duk da wannan lambar suke aiki.

Labarin guguwar Andrew ya fi ban mamaki. Ta ragargaza kudancin Miyami a watan Agusta na 1992, aka rubuta ta a mataki na 4, haka ta zauna shekara goma. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara jefa sababbin na'urori masu GPS daga jirgi zuwa cikin bangon idon guguwa, wato zoben hadarin da ke kewaye da tsakiyarta inda iska ta fi ƙarfi, sai aka gano iskar da ke kusa da ruwa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na wadda jirgi ke aunawa a sama, fiye da yadda ake lissafi a da. Aka koma kan tsofaffin bayanan Andrew da sabon sani, a 2002 aka mayar da ita mataki na 5. Wannan hali yana burge ni ƙwarai, hukuma ta buɗe littafin da ta rufe da hannunta ta gyara a bainar jama'a. A cikin kowane rahoto ma akwai sashen da suke auna hasashensu: kilomita nawa suka kauce, awa nawa gargaɗi ya riga iska isowa, ina suka makara.

Af, ita Andrew ɗin nan asalinta daga wajenmu ne. Tarin hadarin da ke ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma a tsakiyar damina, irin wanda ke shayar da gonakin Arewacin Najeriya da Nijar, idan ya fita teku ta wajen Senegal, wani lokaci shi ne ke zama irin guguwa. Mafi yawan manyan guguwar Atlantika daga nan suke samo tushe. Helene da Michael kuwa ba ta nan suka biyo ba, a kusa da Amurka ta Tsakiya suka haɗu.

Yanzu mu buɗe teburin da ke cikin rahoton, mu bi layin ƙarfin iska. Kullum abu ɗaya za ku gani: lambar na hawa ko tana tsaye muddin guguwa na kan ruwa, tana taɓa ƙasa sai ta fara gangarowa da sauri. Me ya sa?

Mutane da yawa suna ɗauka gidaje da itatuwa da duwatsu ne ke tare ta. Suna da nasu rabon, amma babban dalili shi ne yunwa. Guguwar teku da zafi take rayuwa. Tana bukatar ruwan teku mai ɗumin da ya kai kimanin digiri 26 da rabi. Iska na kwasar tururi daga saman ruwan, ta haura da shi sama, tururin ya koma ɗigon ruwa, a nan ya saki zafin da ya ɗauko. Zafin nan ya ɗumama tsakiyar guguwar, matsin iska ya faɗi a ƙasa, iskar kewaye ta ruga ciki da ƙarfi, ta ƙara kwaso tururi. Haka abin ke ciyar da kansa. Da tsakiyar ta hau tudu, an janye itacen daga murhu ke nan. Ƙasa ba ta iya ba da tururi kamar teku, kuma zafin da ke samanta ba shi da zurfi, nan da nan ruwan sama da inuwar gajimare su sanyaya shi.

Sai na biyu, gogayya da doron ƙasa. Ita ke rage gudun iskar da ke ƙasa-ƙasa tun daga bakin gaɓa, ta kuma karkatar da ita zuwa tsakiya, ramin matsin ya fara cikewa. A kula dai, gogayyar tana sa iska ta zama mai fizga, tana lafawa tana bugowa, shi ya sa itace kan faɗi a kan gida ko da matsakaicin gudun ya ragu. Sai busasshiyar iskar tudu da ke kutsawa ciki tana kashe hadarin. Idan kuma akwai dogayen duwatsu, kamar na tsibirin da Haiti da Jamhuriyar Dominika ke kai, inda ƙololuwa ta haura mita 3,000, sukan yaga guguwa gida biyu, samanta ya wuce, ƙasanta ya maƙale.

A 1995 masana biyu, John Kaplan da Mark DeMaria, suka bi tarihin guguwar da suka sauka Amurka suka fitar da lissafi mai sauƙi. Raunin ya fi sauri a awannin farko, daga baya ya riƙa tafiya a hankali. Babbar guguwa kan rasa kusan rabin ƙarfin iskarta cikin rabin yini. Ku lura da kyau, da agogo ake wannan lissafi. Saboda haka guguwa mai saurin tafiya tana kai muguwar iska nesa cikin ƙasa kafin lokacinta ya ƙare. Helene tana tafiyar kusan kilomita 50 a awa, shi ya sa ta shiga jihar Jojiya tana nan a matsayin mahaukaciyar guguwa, ta tumɓuke itatuwa har birnin Augusta. Michael ma haka ta yi wa manoman kudancin Jojiya, ta same su ana shirin cirar auduga.

Akwai masu karya ƙa'ida. A watan Agusta na 2007 wata 'yar ƙaramar guguwa mai suna Erin ta sauka Texas ba ta da wani ƙarfi. Kwana uku bayan haka, a tsakiyar jihar Oklahoma, ɗaruruwan kilomita daga teku, cikin dare ta farfaɗo, har rada ta nuna wani abu mai kama da ido. Ƙasar wurin ta sha ruwa ta ƙoshi a wannan shekara, kuma masana da dama suna ganin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi ce ta tsaya mata a matsayin teku na ɗan lokaci. Masu rubuta rahoton suka duba, suka amince iskar ta ƙaru, amma suka ƙi ba ta sunan guguwar teku a wannan matakin, domin tsarin hadarinta bai daɗe yadda ƙa'ida ta tanada ba.

To, mu koma Karolina ta Arewa, domin a nan zancen yake. Ma'aunin nan na mataki 1 zuwa 5 iska kaɗai yake aunawa. Ba ruwansa da ruwan sama. Idan aka ce guguwa ta sauko daga 4 zuwa 1, ko ta fita daga ma'aunin, abin da aka faɗa shi ne jujjuyawar iskarta ta ragu. Tururin da ta kwaso daga teku kwana da kwanaki yana nan cikinta, kuma dole ya sauka a wani wuri.

Tun kafin Helene ta iso, ruwa ya kwana biyu yana zuba a duwatsun Appalachia, ƙasa ta ƙoshi, koguna sun cika. Sai ga guguwar ta turo iska mai ɗauke da laima ta hau gangaren duwatsun. Iskar da aka tilasta wa hawa dutse tana sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Dutsen da ke karya ƙarfin iskar guguwa, shi ne kuma ke matse ruwanta. A wani ƙauye mai suna Busick an auna milimita 782 cikin kwana uku, fiye da abin da birnin Yamai ke samu a damina sukutum. Ruwan ya gangaro cikin kwazazzabai masu ƙunci inda mutane suka yi gidajensu a bakin rafi. Kogin French Broad a Asheville ya wuce alamar ambaliyar 1916. Ƙasa ta zaftare a wurare sama da 2,000. A garin Erwin na jihar Tennessee, da jirage masu saukar ungulu aka kwashe majiyyata da ma'aikata daga rufin asibiti. Asheville ta shafe makonni bakwai da 'yan kai babu ruwan famfo mai shayuwa.

Rahoton Helene ya fito a watan Maris na 2025. Ya ƙirga kusan mutum 250 da suka rasu a Amurka, da asarar dukiya ta kusan dala biliyan 79. Kuma ya raba mamatan gida biyu, yadda aka saba. Akwai waɗanda guguwar ta kashe kai tsaye, ruwa ya ci su, ko itace ya faɗo musu, ko ƙasa ta binne su. Akwai kuma waɗanda suka rasu a sanadinta: bugun zuciya wajen share baraguzai, haɗarin mota a hanyar da ba fitila, wayar lantarki da ta faɗo, hayaƙin janareta da aka tayar a cikin gida. Wannan na ƙarshen ya kamata ya tsaya wa duk mai janareta a rai, ko a ina yake zaune.

Helene ba ita ce farau ba. A 1969 Camille ta sauka Mississippi tana mataki na 5, bayan kwana biyu ragowarta ta sauke ruwa cikin dare ɗaya a duwatsun Virginia, sama da mutum 100 suka mutu, da yawa suna barci. A 2021 Ida ta sauka Louisiana ranar 29 ga Agusta, ranar 1 ga Satumba abin da ya saura daga gare ta ya zuba milimita 80 cikin awa guda a tsakiyar birnin New York, mutane suka nutse a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da suke haya. Wani jami'in cibiyar, Edward Rappaport, ya bi mace-macen shekara 50, daga 1963 zuwa 2012, ya tarar kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka ruwa ne ajalinsu, galibi tumbatsar teku ko ambaliyar ruwan sama.

A ganina kalmar "ta yi rauni" tana cutar da mutanen tudu, domin mai ji yakan ɗauka an tsallake, alhali nasa tashin hankalin bai ma fara ba. Cibiyar da kanta ta fara gyara yadda take magana da su. Daga watan Agusta na 2024 ta soma gwajin sabuwar taswirar hasashe mai nuna gargaɗin iska har cikin ƙasa, maimakon layin bakin gaɓa kawai kamar da, kuma Helene na cikin guguwar farko da aka yi amfani da ita a kansu. Sai dai wannan taswirar, wadda ita ce gidajen talabijin suka fi nunawa, gargaɗin iska take ɗauke da shi. Hasashen ambaliya yana kan wata taswira daban, wadda wata cibiyar ta daban a jihar Maryland ke fitarwa, kuma tun kafin Helene ta sauka ta riga ta sanya duwatsun Karolina ta Arewa a mataki mafi girma na haɗari.