Jawabi kan ciwon daji a jikin maza, a taron ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Ingila

Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan ciwon daji a jikin maza, kuma zan fara da wanda muka fi jin nauyin ambatarsa a gaban jama'a. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar gaɓa mai kamar girman goro, wadda likitoci ke kira furostet. Ƙungiyar Prostate Cancer UK ta bayyana cewa a ƙasar nan namiji 1 cikin 8 zai kamu da dajin wannan gaɓa a tsawon rayuwarsa, amma idan aka ɗauki baƙaƙen fata kaɗai, lissafin ya zama 1 cikin 4. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya taɓa kamuwa da shi, nasa haɗarin ya ƙaru.

Abin da ya sa wannan ciwo yake cin mutanenmu shi ne, a farkonsa yawanci ba ya nuna wata alama. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa aiki, yana tsayuwar sallar dare, alhali abin yana girma a ɓoye. Shi ya sa ake ba baƙar fata shawara ya fara tuntuɓar likitansa tun yana ɗan shekara 45, ya nemi gwajin jini na PSA. Idan sakamakon ya fito da yawa, ba lallai ne daji ba, domin kumburin gaɓar irin na tsufa ma yana ɗaga shi, sai dai a tura mutum hoton MRI a tantance. Na san da yawa daga cikinmu gwajin da likita ke saka yatsa ta dubura ne ke hana su zuwa asibiti, to ku sani cewa matakin farko ɗibar jini ne a hannu kawai.

Sai dajin hanji. Hukumar lafiya ta ƙasar nan, wato NHS, tana aiko wa mai shekara 50 zuwa 74 'yar kwalbar gwajin bayan gida har ƙofar gida, duk bayan shekara biyu, kyauta. A gidaje da yawa kwalbar nan tana cikin durowa har yau. Kuma ina roƙonku, iyayena, a daina ɗora wa basir kowane laifi, domin jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko sauyin fitar bayan gida da ya kai mako uku, duk abubuwa ne da likita ya kamata ya gani kafin a nemi jiƙo.

Na ƙarshe shi ne dajin hanta, wanda sau da yawa yake biyo bayan ciwon hanta nau'in B, cutar da ta yaɗu sosai a Afirka ta Yamma. Najeriya ta saka rigakafinta cikin allurar yara ne a 2004, don haka yawancinmu da aka haifa a gida kafin lokacin ba mu samu ba. Gwajin jini ɗaya zai nuna matsayin mutum, wanda ba shi da ita a yi masa allura, wanda yake ɗauke da ita a riƙa duba hantarsa. Taba kuwa, ko sigari ko shisha, barinta ya fi kowane magani sauƙi.

Ga iyayenmu mata, ku kuka fi sanin sau nawa maigida yake tashi fitsari cikin dare, don haka ku taimaka a kira asibiti a karɓo masa rana.

Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum.