Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina daga Kwamitin Ɗakin Karatu na Al'umma, Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, hakimai da malamai, iyayenmu maza da mata.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Labarin aikinka ya riga ka isowa garin nan, kuma kowa ya san ba ka mayar da mai roƙo hannu rabbana. Shi ya sa tun ba ka sha ruwa ba za mu faɗi abin da ke ranmu: muna roƙon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a lambun da ke bayan wannan ɗaki.

Ƙasar da ka taka yau ta Kanta ce, wanda ya gina Surame, Kabi ta tsaya da ƙafarta. Tun 1934 duniya ke zuwa Matan Fada kallon kamun kifi, har UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016. A jihar nan aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a 2015. Manyan motoci na ɗaukar shinkafar fadamarmu zuwa Legas, amma a unguwar nan akwai yaron da ke zuwa makaranta bai karya ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki ana dab da girbi, masu alkawari suka zo suka ɗauki sunaye, har yau shiru. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, ƙaramin manomi ya jingine injin ban-ruwa, noman rani ya koma na mai hali.

Mun lura yara na kifa kai a kan littafi tun hantsi, ba don ƙiwa ba. Daga nan ɗakin karatun ya buɗe wani littafin aro, na iri. Manomi ya ari mudun gero ko wake da bazara, ya mayar da kaka da ɗan ƙari, a rubuta kamar yadda ake rubuta aron littafi. Malamin gona na zama da mutane a inuwar can, yana karanta musu yadda ake gane tsutsar masara tun tana cikin kunnen ganye, da yadda ake adana wake a buhu mai ninki uku ba tare da zuba magani ba. Ranar Asabar iyayenmu mata na dama kunu, kowane yaro ya sha kafin ya ɗauki littafi.

Lambun ne ke riƙe da tukunyar. Alayyafo, kuɓewa, albasa da zogalen da ake sayarwa su ke sayen gero. To, rijiyarmu ta guga ce, tana ƙafewa tun watan Maris, daidai lokacin da hatsi ya fara tsada. Bara muna kallo albasa ta ƙone a kwami, tukunyar Asabar ta tsaya, yara suka ragu.

Akwai rufin da ke yoyo da kujerun da suka karye. Waɗannan za mu lallaɓa. Ruwan ne ya fi ƙarfinmu. Fili na nan, matasa sun ɗauki nauyin gadi da gyara. Ranka ya daɗe, a taimaka a haƙa mana kafin rani mai zuwa. Takardar roƙon na hannun sakatarenmu, zai miƙa maka yanzu, kuma muna fatan ka zaga baya ka leƙa rijiyar da idonka.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.