Lacca: Sa'ad da garkuwar jiki ta wuce gona da iri bayan allurar rigakafi

Iyayena mata, ƴan'uwa ma'aikatan lafiya na unguwannin Maradi, barkanmu da haɗuwa. Tambayar da kuka fi yi mini ita ce: allurar rigakafi tana iya yi wa mutum illa? E, tana iya yi, jefi-jefi. Duk ma'aikacin da ya ce muku sam ba ta yi, shi ke buɗe wa jita-jita ƙofa.

Aikin allura shi ne ta nuna wa garkuwar jiki kamannin cuta tun ba ta zo ba. Zazzaɓin kwana ɗaya ko kumburin cinyar jariri, wannan aikin ne ke gudana, ba shi muka zo tattaunawa ba.

Wanda ya fi gaggawa shi ne borin jini mai tsanani. Yakan zo cikin mintoci: leɓe da fuska su kumbura, numfashi ya sarƙe, jiki ya saki. Wajen mutum 1 ne cikin allura miliyan 1. Maganinsa allurar adirenalin a cinya, nan take. To kun ga dalilin da ake cewa ku zauna minti 15 zuwa 30 bayan allura. Na san tukunya na kan wuta, wata ma kasuwa za ta, amma Hajiya, wannan zaman shi ne maganin. A asibiti ana ceto yaro. A kan kabu-kabu fa?

Akwai wanda ke zuwa a makare. Bayan allurar da ta haɗa ƙyanda da hangum da rubela, yaro 1 cikin kimanin 30,000 zuwa 40,000 garkuwarsa kan far wa ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Za ki ga ɗige-ɗige ja a fata, ko haɓo, ko dasashi na jini, cikin mako 6. Yawanci yana warkewa. Ita kanta ƙyandar ta fi allura jawo wannan, ga shi tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro 1 cikin 1,000.

Sai wanda ke taɓa jijiyoyi, Guillain-Barré, sunan likitocin Faransa da suka bayyana shi a 1916. Ƙafafu su fara mutuwa, abin ya yi ta hawa sama. A Amurka a 1976, allurar murar aladu ta ƙara masu wannan ciwo da kusan mutum 1 cikin 100,000 da aka yi wa ita. A 2021 kuma aka gano daskarewar jini bayan allurar korona ta AstraZeneca, har wasu ƙasashe suka hana yi wa matasa ita.

Ta yaya aka gano? Mutane ne suka kai rahoto. Saboda haka in kin ga alama, ki ɗauki karnen allura, wato katin rigakafi, ki koma inda aka yi, a rubuta ranar da lambar kwalbar. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida.

Malama ta baya can, na ga hannunki. Bismillah.