Awon INR da nas kaɗai a Amurka: yaushe ake sa 99211?

Jama'a masu aikin tura bil ga inshora a asibitocin Amurka, tambayar nan ta yi yawa kwanan nan. Mutum yana shan warfarin, maganin tsinka jini, ya zo an soke shi a yatsa an auna INR, wato awon saurin daskarewar jini, nas kaɗai ya gani, likita ko leƙowa bai yi ba. To wace lamba za a tura?

Awon kansa babu rigima, 85610 ne, in da ƴar na'urar hannun nan aka yi a ƙara QW, alamar awo mai sauƙi, saboda Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ta tsofaffi. Lambobin dalilin zuwa Z51.81 (sa ido kan magani) da Z79.01 (daɗewa ana shan maganin tsinka jini), sai ta ciwon da ya sa yake shan maganin. Mu wuce.

Inda ake tuntuɓe shi ne 99211, lambar ƴar duba mara lafiya da ba lallai sai likita ya gan shi ba. Mutane sun ɗauka da zarar nas ta taɓa mara lafiya shi ke nan ta samu. A'a wallahi. Ku dubi takardar nan: INR 2.4, ya ci gaba da magani. Iyakarta ke nan. Wannan awo ne kawai, kuma an riga an biya shi a 85610.

Yanzu ga ta biyu. INR ya hau 3.8 alhali ana son sa tsakanin 2 da 3, nas ta tambaye shi ko dasashinsa na jini in yana goge baki, ko fitsari ya yi ja, ya ce ai satin jiya an ba shi maganin antibayotik, ta je ta sanar da likita, likita ya ce a rage ƙwaya, ta yi masa bayani ta sa ranar dawowa ta rubuta komai ta sa hannu. Kun ga bambancin? An duba mutum, an yanke shawara, kuma akwai dalili a rubuce. Nan ne 99211 ta halatta, da sharaɗin dama majinyacinsu ne, likita ne ya tsara maganin, kuma yana kusa ana iya samunsa nan take.

Ni abin da ke damuna, a Medicare kashi 20 na kuɗin 99211 yana kan mara lafiya, galibi tsofaffi ne masu zuwa a kai a kai. Sa ta ba dalili zalunci ne, ga shi in masu bincike sun zo sai an mayar da kuɗin.

Sai 93793, tun 2018 take. Ita lambar duba sakamakon INR ce da gyara magani da ba da umarni, ko ta waya. Sau ɗaya a rana, kuma ba a haɗa ta da 99211 a rana guda, ɗaya za ku zaɓa.