Gyaɗa, Mai Juna Biyu da Jariri: Yadda Likitoci Suka Sauya Shawara

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Lacca ta yau ta shafi gyaɗa da yaran da jikinsu ba ya karɓar ta, wato waɗanda da zarar sun ci sai borin jini ya feso musu, leɓe ya kumbura, wani ma numfashinsa ya sarƙe.

A shekarar 1998 hukumomin lafiya na Birtaniya suka shawarci mata masu juna biyu da masu shayarwa, idan akwai irin wannan larura a danginsu, da su ƙaurace wa gyaɗa, kuma kada a ba yaron sai ya cika shekara 3. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bi sahu a 2000. Niyyar mai kyau ce, sai dai hujjar ba ta da ƙwari, kuma yaran da ke fama da larurar ba su ragu ba. Amurka ta janye shawarar a 2008, Birtaniya a 2009.

Farfesa Gideon Lack na King's College da ke Landan ya lura cewa larurar ta ninka kusan sau 10 a tsakanin yaran Yahudawan Birtaniya idan aka kwatanta da na Isra'ila, inda ake ba jarirai Bamba, wani abin taɓawa na gyaɗa mai narkewa a baki. Daga nan aka yi wani bincike mai suna LEAP a kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, aka fitar da sakamako a 2015: a shekara 5 da haihuwa, kimanin kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka hana gyaɗa sun kamu, alhali waɗanda aka riƙa ba su kimanin kashi 3 ne kawai. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, garkuwar jiki tana sabawa da abin da ya bi ta baki da wuri, amma takan ɗauke shi abokin gaba idan ta tsagaggiyar fata ya fara shiga.

Saboda haka mai juna biyu tana iya cin gyaɗarta, in dai ita kanta ba ta da larurar. Jariri kuwa, idan ya fara cin abinci wajen wata 6, a dama masa niƙaƙƙiya a sassauta ta da ruwa, domin ƙwayar gyaɗa kan shaƙe yaron da bai kai shekara 5 ba. Wanda ke da matsanancin ƙaiƙayin fata, ko ƙwai ba ya karɓar sa, likita ya fara duba shi tukuna.