Kafin ku ɗebi jini, ku tambaya wa ya haifi wa

Wata malamarmu ce ta yi mana wannan lacca a wani ƙauye kusa da Ringim, ranar da muka fara fita aikin binciken cututtukan gado. A waya na ɗauka, inda iska ta cinye maganar na tsallake.

To 'ya'yana, bismillah. Na san duk hankalinku na kan kwamfuta, za mu zo nan, amma yau takarda da fensir ne, za mu zana yadda 'yan gida suka haɗa dangantaka. Namiji ku zana masa murabba'i, mace da'ira, wanda ya rasu ku ja masa layi a karkace, in auren zumunci ne layi biyu tsakanin miji da mata. Zanen kam ko ɗan firamare zai iya, wahalar tana wajen tambaya.

Me ya sa muke bin iyali gida gida? In ka kwaso marasa lafiya daga Haɗeja ka gwada su da lafiyayyun wani gari can daban, bambancin da ka gani a jini zai iya zama na asali ne kawai, cutar ba ruwanta. Shi ya sa a 1993 wani masanin ilimin gado, Spielman, da abokan aikinsa suka fito da gwajin TDT, wato bin abin da iyaye suka gadar wa yaro mai cuta. Ka samu uwa da uba da yaron da ke da cutar, wanda a cikin iyayen yake ɗauke da iri biyu daban na ƙwayar gadon da kake bincike ka duba wanne ya miƙa wa yaron. In babu alaƙa da cutar rabi da rabi ne, kamar jefa kwabo, in kuwa iri ɗaya ne ke yawan wucewa a gidaje da yawa to akwai magana. Amma kun ga duk lissafin nan ya rataya ne a kan cewa matar nan ita ta haifi yaron nan.

Ni nan ta taɓa cin ni. Ina sabuwa na shiga wani gida kan aikin sikila, na ce baiwar Allah yaran nan naki ne? Ta ce nawa ne. Sakamako ya fito uwa AA, yarinya SS, abin da ba ya yiwuwa, na yi sati biyu ina zargin masu gwajin jini sun cakuɗa kwalabe, har faɗa na yi da mutum. Da na koma sai wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a gefe ta ce ai 'yar ƙanwarta ce, tun yaye aka kawo mata riƙo. Kuma matar ba ƙarya ta yi min ba fa, tambayata ce ba ta da kai.

Don haka ku ce wa ya haife shi. Ku tambayi agola. Ku raba 'yan ɗaki ɗaya da 'yan uba, na farko rabin gado suka haɗa, na biyu kashi ɗaya cikin 4, 'ya'yan wa da ƙani kuma ɗaya cikin 8, alhali duk ɗan'uwana za a ce muku. Sannan ga alkunya, mace za ta lissafo muku yara ta tsallake ɗan fari, sai ku nemi kishiya ko uwar miji ta faɗa.

Waɗanda suka rasu suna jarirai ma ba a kawo su sai an tambaya, ku ce haihuwa nawa kika yi, a hankali, ku yi mata addu'a tukuna. AS da AS kowane ciki ɗaya cikin 4 ne zai iya zuwa SS, kuma sau da yawa su ne ba sa cikin yaran da kuka tarar a tsakar gida.

In kuma jinin uba ne bai dace da na yaro ba, ku fara zargin lambar da kuka rubuta a kwalba, ku kawo min ni kaɗai, ba a waya ba, ba a gurup ba.

Yanzu ku tashi biyu biyu, mu fara gaida mai unguwa. Maza ku tsaya a zaure, gidajen nan ba shiga ne.