Tabon da ke tsiro: me ya kai shi ɗakin gashi?

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Yaya Sani, wata baiwar Allah ta aiko saƙo. Hujin kunnenta ya yi tsiro har ya kai girman goro, likita ya ce a yanke sannan a yi mata gashi da na'ura, wato a haska wurin da hasken radiyeshan. Hankalinta ya tashi, wai ko ciwon daji ake ɓoye mata.

Sani: Ta kwantar da hankali. Kiloyid ne, tabon da ke ci gaba da girma bayan ciwo ya warke, kuma ya fi kama mu baƙar fata. Sai ƙaiƙayi da tsikari, amma ba daji ba ne.

Musa: To a yanke a huta mana!

Sani: Ai nan gizo ke saƙa. Yanka ma sabon rauni ne, yawanci tabon yakan dawo, wani lokaci har ya fi na da. Shi ya sa ake haska wurin cikin kwana 1 zuwa 3 bayan tiyata, kafin ƙwayoyin da ke saƙa tabon su kankama.

Hadiza: Ashe dai ba masu daji kaɗai ake yi wa ba.

Sani: Ina! A Jamus har ciwon dunduniya da ya ƙi magani suna haskawa, zama 6, jimilla giree 3 kacal (giree shi ne ma'aunin yawan hasken). Mai daji kuwa yakan sha 60 zuwa 70.

Musa: Ni fa Yaya, ban saki jiki ba. A Isra'ila, tsakanin 1948 da 1960, an haska kawunan dubban yara saboda makero. Da suka girma wasu suka kamu da dajin thyroid, wani sashe da ke gaban wuya.

Sani: Gaskiyarka, abin ya faru. Shi ya sa yau ba a yi wa mai ciki, yara ma ana kauce musu, a fara da allurar cikin tabon tukuna. A rufe sauran jiki da dalma, hasken kuma ba ya nitsewa can ciki.

Hadiza: To me za mu ce mata?

Sani: Na'urorin nan ba su da yawa a Najeriya, ga layin masu daji. Kada ta yarda a sa wuƙa sai an tsayar mata da ranar gashin.